Bakin Da Zai Faɗi Sunansa

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaida ku da kuke bibiyar labarina a wannan shafi, da ku da yau ne kuka fara cin karo da ni. Sunana Haulatu, haifaffiyar cikin garin Daura. Boko a aji shida na tsaya, sai Islamiyya, don haka in kun ga rubutuna ya karkace ku yi min haƙuri. Abin da ya same ni nake rubutawa, yadda na tuna shi, ba ƙari.

Saura mako uku bikinmu Yahya ya rasu.

Mai gyaran injin niƙa ne. Ƙauye-ƙauye yake zagawa a kan babur, da jakar kayan aiki ɗaure a baya, faratansa kullum da baƙin mai ko sau nawa ya wanke. Ranar wata Talata cikin damina suka tafi ƙauyenmu na asali, can gefen garin Babban Mutum, shi da ƙanin mahaifinsa, don su kai sadakina wurin Baffa, yayan mahaifina, tunda shi ne waliyyina. Baba ma ya je. Bayan azahar aka tafka ruwa. Da ruwan ya ɗauke Yahya ya riga kowa tasowa, shi kaɗai. A wata hanyar burji ma'aikatan ƙaramar hukuma sun haƙa rami za su sa kwalbati, suka tafi ko reshe ba su kafa ba. Ruwa ya cika ramin ya daidaita shi da hanya. Ya faɗa ciki da babur ɗinsa. Kafin masu amalanke su ciro shi rai ya yi halinsa.

Ba zan faɗi sunan ƙaramar hukumar ba. Masu tambayata ta akwatin saƙo ku yi haƙuri.

Washegari aka cike ramin. Da a nan abin ya tsaya da na haƙura, mutuwa ta Allah ce. Amma bayan sadakar bakwai sai ga takarda daga ofishinsu, wai mamacin gudun ganganci yake yi, kuma yana cikin maye, don an sami ƙwayoyi a aljihunsa. Aka kai wa mai unguwarsu kwafi. Kwana biyu maganar ta zaga gari. Kun san tun da aka kawo Shari'a yadda kalmar maye take da nauyi a kan rayayye ma, balle mamaci. A wurin famfo na ji wata tana cewa, "Ashe ɗan ƙwaya ne. Allah ya kuɓutar da 'yar mutane." Ba ta san ina bayanta da bokitina ba.

Ƙwayoyin nan maganin gwiwar mahaifiyarsa ne. Ita ta aike shi ya sayo mata da safen. Mutumin da ko goro ba ya ci, wai yana ɓata masa haƙori.

Bayan sadakar arba'in malamarmu ta Islamiyya ta gaya min akwai kwamitin sauraron koke-koke a sakatariyar ƙaramar hukumar, in sun ga an yi ba daidai ba suna iya sa a janye takarda. Na sa hijabina ruwan ƙasa, na ce wa Umma zan je gaida mahaifiyar Yahya, na wuce tasha.

Ofishin kwamitin ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda. Benci a waje ƙarƙashin taga, fanka a ciki ba ta juyawa, sai wani allo a bango. Magatakardan sunansa Malam Lawal, dattijo mai furfura a gemu, tabaraunsa ɗaure da zare.

"'Yata, me ke tafe da ke?"

Na gaya masa komai. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Allah ya jiƙansa. Ke matarsa ce?"

"Saura mako uku."

"Ƙanwarsa?"

"A'a."

Ya tashi ya nuna min allon, ya karanta min a hankali kamar mai biya karatu. Mai kawo kuka sai wanda abin ya shafa da kansa. In ya rasu, sai matarsa, ko ɗansa, ko ubansa, ko uwarsa. Kada a wuce kwana casa'in daga ranar da abin ya faru. Kuma mai kukan zai tsaya gaban 'yan kwamiti biyu ya faɗi sunansa, da sunan mamacin, da abin da ke tsakaninsu, da bakinsa.

"Wadda aka sa wa rana fa, Malam?"

"Babu ita a allon."

"An kawo lefe. Yana ɗakin Ummata, ko akwati ɗaya ban buɗe ba."

"Na yarda da ke. Amma lefe ba ya shiga fayil." Ya koma ya zauna. "Da can kowa yana iya zuwa. Sai 'yan siyasa suka mayar da ɗakin nan dandali. Wanda bai taɓa ganin mamaci ba sai ya zo ya yi kuka a kansa don ya ɓata abokin adawa. Shi ya sa aka taƙaita. Ba don irinki aka yi ba, amma ta hau kanki. Mahaifinsa fa?"

"Ya rasu tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa ce take nan."

"To ai shi ke nan. Kawo ta."

Haka ya faɗa, kamar an ce kawo ruwa daga randa.

Kafin in iso gida labari ya riga ni, wani maƙwabcinmu ya gan ni a tasha. Na sami Umma a tsakar gida tana tankaɗe, garin dawa har gira.

"Haulatu, zo nan ki zauna. Wa ya aike ki sakatariya?"

"Ba kowa."

"Ba kowa. To ki ji ni. Ke ba takaba a kanki, ba gado, ba komai. Kin ƙi kitso, kin ƙi lalle, wannan hijabin ya kusa manne miki a jiki. Kin san abin da mutane suka fara faɗa? Wai irin wannan baƙin ciki ba na budurwa ba ne, ko dai akwai abin da ya shiga tsakaninku."

"Umma."

"Ba ni na faɗa ba, ji na yi. Ni uwa ce, dole in gaya miki. Ga yaron nan Badaru ya turo ƙanwar mahaifiyarsa har sau biyu. Mutumin kirki, da sana'arsa. Amsa gaisuwa kawai ake nema a wurinki yanzu."

Badaru abokin yayana ne, yadi yake sayarwa a kasuwa. Ba zan zalunce shi ba, bai taɓa matsa min ba. Sai da aka yi arba'in ya fara turo saƙo, shi ma da hantsi, guda ɗaya.

"Barka da hantsi. An kawo wata atamfa ruwan ganye, na ɓoye turmi ɗaya kada Hajiyoyi su gani."

Na rubuta, "Na gode."

"Wannan na gode ɗin ta fi ta jiya tsawo, ko idona ne?"

Na yi murmushi, sai kuma na ji haushin kaina har na kifa wayar a kan filo. Masu karatu, kada ku ga laifina. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, kuma na gaji da kuka.

Abin da ya tsayar da maganar Badaru shi ne Baba. Duk sanda Umma ta kai masa ita sai ya ce, "A bari tukuna. Sai bayan kaka." Umma ta fito tana ƙunƙuni, wai kamar hatsi za a aurar.

Yanzu bari in gaya muku wace ce Gwaggo Shatu, mahaifiyar Yahya. 'Yar siririyar mace ce, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi a gida. Yahya ɗan farinta ne, kuma shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Tun yaye kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ita ake kira Tsohuwa, sai da ta rasu ya dawo gaban mahaifiyarsa. Gwaggo irin matan da ne masu riƙe alkunya da gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ɗan Tsohuwa take ce masa. In akwai mutane ba ta kallon inda yake. In ta ajiye masa abinci sai ta fuskanci bango ta ce, "Akwai tuwo a rufe, in da mai ci." Ranar rasuwa mata suna ta yi mata gaisuwa tana cewa, "Ai ku za a yi wa." Ba wanda ya ga hawayenta. Ni na ga idonta da safe, na san inda suka zuba.

Wannan matar aka ce ta tsaya gaban hukuma ta ce ita ce uwar wane.

Mako shida ina zuwa wurinta duk Juma'a. In taya ta murza ƙuli, in kawo maganar.

"Gwaggo, kalma nawa ce? Ni Shatu, uwar wane. Shi ke nan fa."

"'Yar nan, shekara talatin bakina bai ɗauka ba. Yau da ba ya nan zan ɗauka, a gaban maza?"

"Ba don maza ba ne. Don shi ne."

Sai ta ce man ya kusa ƙonewa, ta tashi.

Ranar da ta yarda ba ni na sa ta ba. Muna zaune muka ji maƙwabciyarta ta bayan katanga tana yi wa ɗanta faɗa, tana cewa in bai bar yawo ba zai ƙare a rami kamar ɗan gidan mai ƙuli. Gwaggo ta daɗe hannunta a cikin tunkuza bai motsa ba. Sannan ta ce, "Yaushe suke zama?"

Ranar Alhamis muka je, kwana tamanin da shida da rasuwa. Ta sa zanenta na saƙi da take ajiye don Sallah, ta yafa baƙin mayafi, ta ɗauki sandarta. A mota ina ganin leɓenta yana motsi. Na ɗauka tasbihi take yi.

'Yan kwamiti biyu ne a ciki, wani Alhaji mai babbar riga da wata mata mai jakar hannu a cinya. Malam Lawal ya buɗe littafi. Gwaggo ta tsaya ta dogara da sanda.

"Sunanki?"

"Shatu."

"Mene ne tsakaninki da mamacin?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan Tsohuwa ne."

"Wace tsohuwa kuma?" in ji matar.

"Ɗan fari ne, ranki ya daɗe," Malam Lawal ya ce mata. Ya ajiye biro ya juyo. "Gwaggo, ni ma ɗan fari ne. Har uwata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba. Na san abin nan. Ki rufe ido ki faɗa sau ɗaya. Ba mai maimaitawa a waje."

Ta rufe idon. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Maganin nawa ne," ta ce. "Ni na aike shi."

"Wannan sai an karɓi kukan za mu saurara, Gwaggo," in ji Alhajin. "Yanzu sunan muke so, da abin da kike a wurinsa."

"Ku tambayi yarinyar nan, ta sani."

"Ba ita za ta faɗa ba."

Na kasa haƙuri na ce, "Ba za ta dangwala yatsa kawai ba?"

Malam Lawal ya girgiza kai. "Dangwale yana biyo bayan furuci. An sha kawo mana tsofaffi daga bakin kasuwa su dangwala a kan 'ya'yan da ba nasu ba."

Gwaggo ta sake gwadawa. Wallahi ta gwada, na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Sannan ta zauna a ƙasa, a kan siminti, ta ja mayafi ta rufe fuska. Alhajin ya duba agogo, ba da wulaƙanci ba. Ya ce Litinin ce rana ta casa'in, bayan ita ba abin da za su iya.

Zan faɗa muku gaskiya tunda na yi alkawarin ba zan ƙawata kaina ba. Na ji haushinta. Har muka iso Daura ban kalle ta ba. Na raka ta gida don ƙafarta, la'asar ta yi sanyi, ta zauna a bakin ɗaki ta jawo kwandon gyaɗa ta fara ɓarewa kamar ba abin da ya faru. Sai maganar ta fito min.

"Gwaggo, kunyar ta fi miki shi ne?"

Ban taɓa yi wa babba magana irin wannan ba. Ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Guda biyar na ƙirga kafin ta ce, "Zauna."

Na zauna.

"Ranar da suka kai sadaki, Baffanki ya ce shi tsoho ne, bai san ko zai kai mako uku ba. Ga waliyyai, ga liman, ga goro, me ake jira? Aka shafa fatiha. Biki kawai aka bari. Shi ya sa Ɗan Tsohuwa ya taso bai jira kowa ba. So yake ya zama shi zai fara gaya miki."

Ban gane ba da farko. Ina jin kalmomin amma ba su shiga ba.

"An ɗaura?"

"An ɗaura. Awa biyu kina matarsa yana raye." Ta watsa ɓawo gefe. "Kwana uku da rasuwa mahaifinki ya zo nan. Ya durƙusa a bakin ƙofar nan, mutum da girmansa. Ya ce yarinya ko ƙofar ɗakin ba ta gani ba, kada a liƙa mata sunan bazawara. Mutum shida ne suka shaida, duk dattawa, duk sun yi shiru. Na ce ni ma na yi. Shiru ai na iya shi."

"Kina kallona ina zuwa duk Juma'a."

"Ina kallonki. Na ɗauka zan iya faɗa yau, ki tsira da budurcinki, shi ya tsira da sunansa. Tun daga tasha nake gwadawa. Ban iya ba, 'yar nan. Yanzu ke kika san abin da za ki yi. In kin yi shiru ba zan ga laifinki ba."

Ban yi kuka a nan ba. Na tsince kaina ina taya ta ɓare gyaɗa har kwandon ya ƙare.

Washegari Juma'a da hantsi na sami Baba a zaure. Baduku ne, yana zaune a kan buzu yana ɗinkin kuben wuƙa, warin jima ya cika wurin. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana.

"Uwata, lafiya?"

Na durƙusa. "Baba, ashe ni matar aure ce."

Basillar ta tsaya a cikin fata. Ya daɗe yana kallon ta.

"Shatu ce?"

"Jiya."

Ya zare basillar ya ajiye. "Ina lissafa miki kwanakin. Wata huɗu da kwana goma. Shi ya sa nake ce wa mutanen mai yadi sai bayan kaka. Da na ga ba kya ado, ba kya turare, sai na ce to Allah ya sa tana yin takabarta ba ta sani ba. Da haka nake rarrashin kaina."

"Baba, matarsa tana cikin masu iya kai kuka. Litinin ce ranar ƙarshe. Sai da shaida."

"In na je na faɗa, gari zai ji na ɓoye aure. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Naki nake ji. Kin san gidan su Badaru budurwa suka zo nema?"

"Na sani."

"Kin san ko an karɓi kukan ba lallai su janye takardar ba?"

"Na sani. A bar ni dai in shiga ɗakin in yi magana."

Sai asabari ya motsa. Umma ce tsaye, da ludayi a hannu.

"Malam, shekara ashirin da takwas ina gidanka, sai a bakin zaure zan ji an aurar da 'yata?"

Baba bai ɗaga kai ba.

Umma ba ta ɗaga murya ba, ita ma. Ta zo ta tsuguna kusa da ni. "Haulatu, ki yi tunani. Wanda ya tafi ya tafi, Allah ya san gaskiyarsa, takardar hukuma ba ta bin mutum kabari. Ke ce za ki rayu da sunan. Bazawarar da ba ta taɓa tarewa ba. Duk wanda ya zo sai an yi masa bayani, wani ya yarda wani ya taɓe baki. Saura kwana arba'in ne fa, ki yi shiru su wuce, ba wanda ya sani."

Har yau ban ce maganar Umma ba gaskiya ba ce. Na ce mata, "Umma, ni na sani."

Ta tashi ta koma ciki. Ranar ba a ci abincin rana da daɗi ba a gidanmu.

Asabar da safe Baba ya fita bai ce wa kowa komai ba. Azahar bai dawo ba, la'asar bai dawo ba. Yayana ya kira wayarsa a kashe. Umma ta ce ƙila ya tafi sarin fata. Ni dai na zauna a ɗaki ina kallon akwatunan lefe huɗu a jere, masu ruwan toka, har yanzu da ledarsu. Na yi tunanin ko gudu ya yi har Litinin ta wuce. Allah ya yafe min wannan zaton.

Lahadi da hantsi ya shigo, ƙafafunsa duk ƙasar ƙauye. Ya ciro takarda a ninke daga aljihu ya miƙa min. Rubutun ajami ne na limamin da ya ɗaura, da ranar, da sunayen shaidu, da dangwalen Baffa a ƙasa.

"Na tambayi liman," ya ce. "Mai takaba tana iya fita da rana don lalura. Gobe da ni za a je."

Umma tana jin komai daga madafa. Can anjima ta shigo ɗakina ba sallama. Ta zauna a bakin gado, ta juyo da kaina kamar za ta yi min kitso, ta cire min 'yan kunnen nan ƙanana da nake sawa tun ina yarinya. Ta ƙulle su a gefen zanenta. Ta buɗe adakarta ta ciro farin zane mara ado ta ajiye min a cinya.

"Na kakarki ne," ta ce. "Ki wanke, yana warin ajiya."

Saura abu ɗaya. Na ɗauki waya. Saƙon Badaru na hantsin yana nan: "Turmin nan fa ya fara tambayata yaushe za a zo ɗaukarsa." Na rubuta na goge ya fi sau biyar. A ƙarshe na tura masa haka: "An ɗaura aurena da Yahya ranar da ya rasu. Ban sani ba sai ranar Alhamis. Ina cikin takaba. Don Allah kada ka ƙara turo saƙo." Na ga alamar ya karanta. Na jira kaɗan, ba zan ɓoye muku ba. Bai amsa ba. Na kashe wayar na ba Umma ta ajiye.

Litinin muka tafi mu uku, ni da Baba da Gwaggo. Ba mu kira ta ba, a tasha muka same ta zaune a kan dutse da sandarta. A sakatariya ta ce ita ba za ta shiga ba, ta zauna a bencin nan na ƙarƙashin taga.

Malam Lawal ya kalli farin zanena, ya kalli Baba, ya jawo kujera. Baba ya ƙi zama. A tsaye ya yi bayani, bai rage komai ba, har durƙuson da ya yi a ƙofar Gwaggo. Alhajin ya karanta takardar liman, ya miƙa wa matar.

"Malam, ka san nauyin abin da ka yi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Na riga na kai maganar gaban Wanda ya fi ku."

Alhajin ya juyo gare ni. "Sunanki, da sunan mamacin, da abin da ke tsakaninku."

Abin mamaki, masu karatu. Sunan da nake kira tun ranar da ya fara zuwa zance, sunan da na faɗa wa Malam Lawal ba ko ɗar, sai na ji ya yi min nauyi. Miji ne yanzu. Ga mahaifina tsaye a gefena. Ban taɓa jin Umma ta kira sunan Baba ba. A daidai lokacin na daina jin haushin Gwaggo.

Na ce, "Ni Haulatu, matar Yahya."

Malam Lawal ya rubuta. Ya riƙe babban yatsana ya dangwala a tawada, ya dangwala a littafi, ya buga hatimi. Ya ce an karɓa. Zama nan da mako uku. In zo da kwalin maganin in yana nan, da masu amalanken da suka ciro shi, da duk wanda ya san dalilin ƙwayoyin. Ya ce wanda ya rubuta takardar ma za a kira shi, in shirya, ba zai zo da sauƙi ba.

Baba ya tafi neman mota. Na fito na zauna kusa da Gwaggo, yatsana shuɗi.

"Na ji ki ta taga," ta ce.

Na juyo na kalle ta.

"Ubansa ne ya zaɓi sunan. Ranar suna da maroƙi ya faɗa, mayafi na ja na rufe kai." Ta duba baranda, hagu da dama. Ba kowa sai wata akuya tana cin takarda. "Sake faɗa min. A hankali."

Na faɗa mata.

Ta gyaɗa kai. Leɓenta ya motsa, sauti bai fito ba. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta gyara riƙon sanda.

"Kwalin yana ƙarƙashin filona," ta ce. "Ranar zaman tare za mu shiga. Ke ki riƙa faɗar sunan, ni in faɗi sauran."